Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Cacar Karta a Wayar Hannu

Sanin kowa ne caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin da ake ciniki da wuri ake watsa shi a tabarma, kafin karta ta zo ta gaje fagen. Amma ɗan caca na da yana da abin da ke taka masa birki, wato idon jama'a, don haka sai ya raɓe a bayan kasuwa ko cikin kango. Yau kuwa saurayi a Unguwar Gai ta ƙasar Kibiya yana iya zama a dakalin ƙofar gida, ya rusuna ya gai da mahaifinsa da zai wuce masallaci, alhali kuɗin gyaɗar da aka sayar a kasuwar Rano suna zurarewa ta wayar da ke hannunsa.

Cikin wasannin da intanet ta kawo akwai na karta da ake kira foka, wanda ya bunƙasa a Amurka. Masu yin sa da 'yan kuɗi kaɗan sukan ce su ba 'yan caca ba ne, wai nasu wasan lissafi ne. Wannan magana ta cancanci a saurare ta, domin rabinta gaskiya ce. Sai dai idan aka bi lissafin har ƙarshensa, shi ne zai fara ba da shaida a kansu.

Ga yadda abin yake. Karta guda 52 ce, iri 4, kowane iri guda 13. Ana raba wa kowa biyu, a buɗe uku a tsakiya, daga baya a ƙara ɗaya, sannan a ƙara ta ƙarshe, kuma a kowane mataki ana zuba kuɗi. Wanda ya haɗa biyar iri ɗaya ya sami hannu mai ƙarfi. To, a ɗauka saurayin nan yana riƙe da kubi biyu, wato masu alamar zuciya, aka buɗe tsakiya sai ga wasu kubi biyu. Huɗu ke nan, saura ɗaya. A nan ne zuciya take raya masa cewa ya riga ya ci, alhali Bahaushe ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kubi huɗu, in na biyar bai zo ba, ba su da wata daraja ko ta anini.

Kubin da suka rage guda 9 ne, katunan da bai gani ba kuwa 47. Ashe a karta ta gaba 9 ne za su fisshe shi, 38 su kayar da shi, wato ƙasa da sau ɗaya cikin biyar. Alal misali, akwai naira 1,000 a tsakiya, abokin karawa ya zuba 500, aka ce ya biya 500 ko ya janye. In da za a maimaita wannan hali sau 47, zai ci 1,500 sau 9, jimla 13,500, ya yi asarar 500 sau 38, jimla 19,000. Giɓin naira 5,500 ne. Lissafin da yake tinƙaho da shi cewa ya yi ya ajiye kartar. Shin saurayi nawa ne ke iya ajiye kubi huɗu?

Wanda ya ɗan ƙware zai yi musu, ya ce ai karta biyu suka rage, kuma damar cikawa da ɗayansu ta kai kashi 35 cikin 100. Haka ne, amma fa ya manta ba kyauta ake ganin ta biyun ba. In ta farko ta ƙi, sai an sake neman kuɗi a gare shi, galibi fiye da na farko. Zai kuma ce ranar da kubin ya zo zai tatsi abokin karawa har ya mai da hasara. Wannan yakan faru, sai dai shi ma abokin ba makaho ba ne, yana ganin kubi uku a tsakiya ya ɗaure bakin jakarsa. Wata rana kuma kubin ya cika, ashe wani na riƙe da kubin da ya fi nasa girma, sai cikar ta zama ita ce ramin. Bayan duk wannan ga masu dandalin, waɗanda ke yankar la'adarsu daga kuɗin tsakiya, ko wa ya ci ko wa ya faɗi. Su kaɗai ne ba sa jiran karta.

Ƙanƙantar kuɗin ita ce babbar dabara. Mutumin da zai tsaya ya yi dogon ciniki a kan mudun gero ba ya ƙirga ɗari biyar ta waya, domin ba ta bi ta tafin hannunsa ba. Ga shi kuma na'ura ba ta gajiya da rabo, ana gama hannu ana buɗe wani, har asuba.

Hukuncin addini a kan caca ba ɓoyayye ba ne, kuma hukuma ba ta yi barci ba. Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, kuma a 2024 Hisba ta rufe wasu shagunan caca a birnin Kano. A watan Nuwamba na wannan shekarar ta 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce ikon na jihohi ne. Amma kwaɗo da mukulli a ƙofar shago suke aiki, ba sa kama waya a aljihu. Wa'azi kuwa yana shiga kunnen wanda ya yarda caca yake yi, shi ko wannan ya riga ya sauya wa abin suna.

Saboda haka ya kamata a tare shi a fagen da ya zaɓa. Malaman lissafi na makarantun sakandare a Rano da Kibiya suna koyar da darasin yiwuwa, amma da Turanci, a kan ƙwallaye ja da baƙi cikin jaka, abin da yaro ke haddacewa don jarrabawa ya watsar. Da za a ware darasi guda a yi shi da Hausa, a rubuta 9 da 38 a allo, a sa ɗalibi ya fitar da giɓin 5,500 da allinsa, da ya ga abin da idonsa kafin wani ya nuna masa kubi huɗu a waya.