Barin Python 2 alheri ne ga haruffanmu masu ƙugiya

A ranar 1 ga Janairu 2020 aka daina kula da Python 2, a watan Afrilu kuma NLTK, rumbun kayan aikin nazarin harshe, ta janye daga gare shi. Har yanzu ana ƙorafi: intanet da tsada, shirye-shiryen da ɗaliban baya suka bari kuma sun daina aiki. Ƙorafin yana da tushe, amma a ganina matakin daidai ne.

Duk wanda ya taɓa ƙirga haruffan Hausa da Python 2 ya sha wuya. Ka ba shi kalmar ƙasa, sai ya ce haruffa biyar ne, domin ƙ tana cin gurbi biyu a tsarin UTF-8, sai fa in ka tuna ka sa mata alama ta musamman. Python 3, tun fitowarsa a 2008, yana ɗaukar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ harafi ɗaya-ɗaya.

Galibin masu kula da NLTK ƴan sa-kai ne. Ba adalci ba ne su riƙa dakon tsari biyu. Gara sashenmu ya ware zaman aiki domin sabunta tsofaffin shirye-shiryen, tun marubutansu suna kusa.