Na Je Kallon Ƙwallo A Filin Ƙura, Na Dawo Da Kunya



Ranar Asabar da ta wuce ɗan yayata ya tare ni a ƙofar gida, ya ce, "Kawu, kullum kana gidan kallo kana ɗaga jijiyar wuya a kan Arsenal, amma ko sau ɗaya ba ka taɓa zuwa ka ga wasana ba." Na rasa ta cewa, don gaskiya ya faɗa. Ana idar da la'asar na hau mashin na nufi filin da ƙungiyarsu ke karɓar baƙi, a wata ƙaramar hukuma da ke gefen birnin Kano.

A bakin ƙofa wani dattijo ya karɓi naira 200 a hannuna, ya yago min 'yar takarda. Ina shiga na ga ashe mu kaɗan ne muka biya, domin katangar gabas ta zube, yara ta nan suke ta kwarara. Ciyawa dai babu ko ta magani. Da toka aka ja layi, ragar kuwa an ɗaure ɓarakarta da igiya a wuri uku. A ƙarƙashin darbejiya 'yan wasan suka canza kaya. Amma fa jama'a ta cika: wasu a kan katanga, wasu a kan mashinansu, ga mai rake, ga mai gyaɗa, ga 'yan mata masu awara. Kowa ya san sunan kowa. In yaro ya ɓarar da ƙwallo, da sunan mahaifinsa ake yi masa tsiya.

Kuma wallahi an buga ƙwallo. Akwai wani siririn yaro mai lamba 7 a ƙungiyar baƙi, ɗan hagu, in ya ɗauko ta daga gefe sai ka ji filin ya yi tsit. Sau biyu ya zubar da ɗan namu, na yi kamar ban san shi ba. Shi ya ci ta farko. Kafin a tafi hutu namu suka farke da ka, ƙura ta tashi har ba ka ganin gola.

Bayan an dawo ne abin ya faru. Mai tsaron bayanmu ya yi karo da wani, ya faɗi yana riƙe da ƙafa yana salati. Babu makara ta ɗaukar mai rauni, babu akwatin magani, balle motar asibiti. Fiya wata aka fasa aka zuba masa. Mutum huɗu suka ciccibe shi zuwa adaidaita sahu, wani kuma ya cire hularsa ya zagaya 'yan kallo ana jefa ɗari biyu, ɗari biyar, kuɗin hoton ƙashi. Aka ci gaba da wasa. Mun yi nasara 2 da 1, amma ni ban ji daɗinta ba.

Da aka tashi na je gaida kocinsu, mutum ne da furfura ta fara kama shi, tela ne a kasuwa. Na ce, "Koci, sannu da ƙoƙari." Ya ce, "Yallaɓai, ƙoƙarin kenan." Sai ya nuna min jerin shaguna a arewacin filin, ya ce lokacin da yake bugawa, a inda shago na uku yake a nan ake bugun kwana. Wato an gutsiri filin an ci. Yanzu ma, in ji shi, duk sanda ya ga baƙuwar mota ta tsaya an fito da tef ana awo, sai gabansa ya faɗi.

Sannan ya ce in dubi rigar da ke jikin yaransa. Na duba. Hoton wani ɗan takara ne a ƙirji, ya koɗe har ba ka gane fuskar, tun na zaɓen 2023. Ya ce, "Tun ranar da aka miƙa kofi ba mu sake ganin kowa ba."

Nan ne kunyar ta kama ni, domin na san irin wannan ranar. Na sha zama a ƙarƙashin rumfa a wasan ƙarshe na kofin Honarabul wane, ina tafi, ina ɗaukar hoto ina sawa a Facebook. Da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutun ma haka. Kowace jam'iyya tana yi, kowane ɓangare yana yi, mu ma muna yi. A sayi riga seti goma sha shida, a sayi kofi a kasuwa, a kira makaɗa, a yi sati uku ana gwabzawa, a watse. In zaɓe ya wuce, yaran su koma wa ƙurarsu da karayarsu.

Ra'ayina a nan shi ne: duk ɗan siyasar da ke son matasa su yarda yana ƙaunarsu ta hanyar ƙwallo, to ya fara da fili. Kofi na sati uku ne, fili kuwa yara ne za su yi ta gada, kamar yadda yaran kocin nan suka gaje shi.

Mu duba yadda abin yake tafiya. A sama akwai gasar Firimiyar Najeriya, NPFL, ƙarƙashinta NNL, sannan NLO, sannan gasannin jihohi da na unguwanni. Na sama ba ya rayuwa sai da na ƙasa. Kano Pillars da muke alfahari da ita, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauki lig a 2008, 2012, 2013 da 2014. 'Yan wasan da suka ɗauko mata ba daga sama suka faɗo ba, irin waɗannan filayen ne suka rene su. Ahmed Musa daga wata makarantar ƙwallo a Jos ya taso, ya buga wa JUTH, ya zo Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, daga nan ya wuce Holan. Shi ne ya zura wa Ajantina biyu a kofin duniya na 2014, ya zura wa Iceland biyu a 2018. Wa ya sani ko mai lamba 7 ɗin da na gani irinsa ne? In an mayar da filin shaguna, ba za mu taɓa sani ba.

Akwai ma kuɗi a ciki da muke asara. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa tsakanin ƙungiyoyin ƙasashe daban-daban, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai ƙungiya tana da rajista, kuma sunan yaron yana rubuce a matsayin ɗan wasanta. Koci irin wanda na gani zai yi shekara shida yana saya wa yaro takalmi da kuɗin ɗinkinsa, wani dillali ya zo ya ɗauke shi, ko sisi ba za ta dawo ba, saboda babu takarda.

Na san me wasu za su ce, har na ji a kunnena: "Malam, ana yunwa, asibiti ba magani, makaranta ba kujera, kai kana zancen tamaula?" Gaskiya ne, kuma ban ce a bar waɗannan ba. Amma abin da nake magana a kai ba ya cin kuɗin asibiti. Hana yanka fili bai buƙatar kasafi, sa hannu kawai yake buƙata. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna a matsayin amana, kuma jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa kula da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ke nan akwai waɗanda haƙƙin yake wuyansu, kuma mu ne muke yi musu yaƙin neman zaɓe. Sannan kuɗin rumfa da makaɗa da man ayarin motoci na wasan ƙarshe guda ɗaya ya isa ya ɗaga katangar nan, ya sayi makara da akwatin magani, har a biya wa ƙungiyar rajista.

Kuma mu daina raina abin da filin ke yi wa unguwa. Yaron da ya san ƙarfe huɗu koci na jiransa, kuma in aka ji warin wani abu a bakinsa benci zai zauna, yana da dalilin kama kansa. Muna kukan shaye-shaye da daba da ƙwacen waya, sannan muna zuba ido ana sayar da wurin da ke riƙe mana yara kyauta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Don haka roƙona gare mu, 'yan uwa, mu da ke da kunnen kansila da ciyaman da ɗan majalisa. In maigidanka ya kira ka ya ce a shirya masa kofi, ka ce, "Ranka ya daɗe, mu fara zuwa mu ga filin." Ka tambaya ko filin yana da takardar da ta killace shi don wasa. In babu, ita za a fara nema. Ka nemi a sa ma'aikacin lafiya ɗaya daga asibitin sha-ka-tafi ya riƙa zama a bakin fili duk ranar wasa. Ka nemi a yi wa ƙungiyoyin mazaɓarku rajista da sunayen yaransu. In ya so bayan nan a buga kofin, a sa hotonsa a riga, babu mai cewa komai.

Yaron da ya ji ciwo, na samu labarin tsagewar ƙashi ce, an ɗaure masa, yana gida. Allah Ya ba shi lafiya. Asabar mai zuwa suna da wasa a waje, ta gaba kuma a gida. Ni dai zan koma, kuma ta ƙofa zan shiga in biya ɗari biyuna. Wanda yake da fili irin wannan a unguwarsu, ya leƙa wannan satin, ya ƙirga shagunan da ke gefensa, ya zo mu yi magana.

Allah Ya sa mu dace.