Juji da Rijiya Ba Su Maƙwabtaka

Babu garin da ba shi da juji. Duk inda mutane suka zauna sai an yi shara, kuma sai an sami wurin zuba ta. Abin tambaya shi ne: wane wuri? A Dewule, da sauran garuruwan gundumomin Buza, Madawa da Keita, wannan tambaya ta shafi ruwan da kowa yake sha. Saboda haka bai kamata a bar kowa ya zuba shara inda ya ga dama ba. Ya kamata hukuma da mutanen gari su zauna su zaɓi wuri, su rubuta shi, su sa masa iyaka, kowa ya kiyaye.

Yadda ruwa yake tafiya a ƙasar Adar

Ƙasar Adar ƙasa ce ta duwatsu da tuddai da kwaruruka. Damina gajera ce, wata uku zuwa huɗu. In an yi ruwa mai ƙarfi, ba ya tsayawa bisa dutse. Yakan gangaro da gudu cikin ƙoramu, ya sauka cikin fadama. Wani ya taru a tabki, wani ya nutse cikin yashi. Wanda ya nutse shi ne ake jawowa da guga lokacin rani.

A fadama ruwa ba shi da nisa. Shi ya sa masu garka suke gina rijiyoyinsu can, suna noman albasa da tumatir da kabeji. Fadamar Tarka, wajen Madawa, da fadamar Majiya sun yi suna a kan wannan noma. Ruwan Majiya kuwa ba a Buza yake tsayawa ba. Yana bi ta wajen Birnin Ƙwanni, ya ƙetare iyaka, ya ƙare a tabkin Kalmalo, kusa da Illela ta Nijeriya. Abin da aka zuba cikin ƙorama a bisa, mutanen gangare ne za su sha shi.

Jujin da da jujin yanzu

A zamanin kakanni, juji toka ne da ƙaiƙayi da kara da kashin dabbobi da fasassun ƙwarya. Duk waɗannan suna ruɓewa. In bazara ta yi, manomi ya ɗora mangala bisa jaki, ya kwashe juji ya kai gona, ya zama taki.

Jujin yanzu ya sake. Akwai leda, wadda take shekara da shekaru ba ta ruɓe ba. Akwai mataccen batir na fitila da na rediyo, wanda ake kira pil. Akwai batir ɗin mota da na babur, mai darma a ciki. Akwai baƙin man inji, da gwangwanin maganin ƙwari, da ragowar magani, da tsofaffin allurai. Waɗannan ba taki ba ne, guba ce.

Kowane yaro ya taɓa ganin yadda mata suke tace toka. Ana zuba toka cikin tukunya mai huda, a zuba ruwa a bisa, sai ruwan ya riƙa ɗiga ta ƙasa. Ya shiga fari, ya fito da launi da ɗanɗanon toka. Haka ruwan sama yake yi wa juji. Yana shiga ta bisa, ya kwashi abin da ke ciki, ya tsatso ta ƙasa baƙi, mai wari. In ƙarƙashin jujin yashi ne, nan da nan ruwan ya wuce ya tarar da ruwan rijiya. In yumɓu ne, yakan tsare shi, kamar yadda randa take riƙe ruwa.

Abin da ya fi muni shi ne, ido ba ya ganin ɓarnar. Ruwan rijiya yana iya zama garai-garai alhali da cuta a cikinsa. Ƙwayoyin cutar zawo da amai, wato kwalara, ta ruwa mai ƙazanta suke yaɗuwa. A shekarar 2021 wannan cuta ta kama mutum fiye da 5000 a Nijar, kuma jihar Tawa tana cikin jihohin da ta shiga. Darma kuwa a hankali take aikinta, tana lalata ƙwaƙwalwar yara. A 2010, a jihar Zamfara ta Nijeriya, ƙurar darma daga niƙan dutsen zinariya ta gurɓata gidaje da ƙasa, yara fiye da 400 suka mutu. Can ba juji ne ya jawo ba, amma darmar ɗaya ce da wadda ke cikin batir ɗin mota.

Abin da doka ta ce

Nijar ba ta rasa dokoki ba. A ranar 29 ga Disamba 1998 aka kafa babbar dokar kare muhalli. Ta hana zubar da shara ta hanyar da za ta cuci mutane ko ruwa ko ƙasa. A 2010 aka yi dokar ruwa, wadda ta tanadi keɓe fili kewaye da wuraren ɗibar ruwan sha, don kada ƙazanta ta kusance su. A 2014 kuma aka yi dokar da ta hana yin leda mara kauri da shigo da ita da sayar da ita. Duk da haka, wanda ya ratsa kasuwa ranar da ta watse ya san leda ba ta ƙare ba.

Ƙasashen duniya ma sun yi yarjejeniya a 1971, a garin Ramsar na ƙasar Iran, don kare tabkuna da fadamu. Nijar ta shiga cikinta a 1987. A 2005 aka sa tabkin Tabalak da tabkin Ɗan Dutsi, dukansu a jihar Tawa, cikin jerin wuraren da duniya ta san muhimmancinsu. Ƙaramin tabkin bayan gari ba ya cikin wannan jeri. Amma shi ne shanu da awaki suke sha, shi ne ake ɗiba a yi tubali, cikinsa yara suke wanka.

Dokar da aka rubuta a Yamai ba ta san inda ƙoramar kowane ƙauye ta bi ba. Mutanen ƙauyen ne suka sani. Don haka aikin da ya rage na kwamin ne da masu gari: su ɗauki dokar ƙasa su aza ta bisa filinsu.

Inda ya dace da inda bai dace ba

Na farko, kada a yi juji cikin ƙorama, ko cikin fadama, ko bakin tabki, ko duk inda ambaliya take kaiwa. Tsofaffi sun san inda ruwa ya tsaya a shekarun da ya fi yawa. A tambaye su, a sa alama, a yi nesa da ita.

Na biyu, a nisanci rijiya da famfo. Ma'aikatan tsabta suna cewa ko masai na gida ɗaya a bar aƙalla mita 30 tsakaninsa da rijiya. In haka ne, jujin gari guda yana bukatar ɗaruruwan mitoci. Kuma kada ya kasance a bisa, rijiya tana gangarensa.

Na uku, a dubi ƙasar wurin. A zaɓi inda akwai yumɓu, inda magina rijiya suke yin gaba da yawa kafin su tarar da ruwa. A daɓe gindin ramin da yumɓu. A ja kunyar duwatsu ta bisansa don ruwan gangare ya kauce. Fako na bisa tudu yana iya dacewa, amma ban da bakin dutse, inda ruwan farko zai share komai ya kai kwari.

Na huɗu, a lura da iska. Da rani daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma. In juji yana ɗayan waɗannan sassa, leda da wari cikin gari za su komo. A kewaye wurin da shinge, kuma a raba shi da burtali, don dabbar da ta haɗiyi leda takan rame har ta mutu.

Na biyar, ba kowane abu ne za a kai can ba. Abin da yake ruɓewa a tara shi daban, ya zama taki. Batir da gwangwanin maganin ƙwari a ajiye su wuri mai rufi, inda ruwa ba ya taɓawa. Allurai da sharar gidan likita aikin ma'aikatan lafiya ne.

Masu cewa a'a

Wani zai ce wurin ya yi nisa, wa zai ɗauki kwandon shara ya yi tafiyar rabin awa? Maganarsa tana da hujja. Amsarta ita ce a yi ƙananan wuraren tarawa cikin unguwa, amalanke ya riƙa kwashewa. Kuɗin amalanke kaɗan ne in aka gwada da kuɗin gina sabuwar rijiya, ko kuɗin jinyar yara.

Wani zai ce yana zuba shara cikin zaizayar ƙorama ne don ta daina cin bangon gidansa. Tsoronsa gaskiya ne, amma shara ba ta tsai da ruwa. Ruwan farko zai kwashe ta ya baza cikin garkar wani. Duwatsu da itatuwa ne suke tsai da zaizaya, kuma mutanen Adar sun fi kowa sanin haka. Tun 1975 aka fara dasa layukan bedi, wato dogon yaro, a fadamar Majiya don karya iska. A 1984 aka fara babban aikin raya karkara na Keita, inda mutane, yawancinsu mata, suka ɗauki duwatsu a kai, suka yi shingaye da madatsai don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Ba daidai ba ne ruwan da aka sha wannan wahala aka tsayar a bar juji ya ɓata shi.

Wani kuma zai ce filin da aka zaɓa gonar kakansa ce. Wannan ita ce magana mafi wuya. Ba a ƙwace gonar talaka don ba shi da mai tsaya masa. Tun 1993 dokar karkara ta tanadi hukumomin kula da filaye. Su ya kamata su zauna da mai gari, da ma'aikatan gandun daji, da makiyaya, da masu garka, da mata masu ɗibar ruwa. In aka karɓi filin mutum, a biya shi ko a musanya masa, a rubuta takarda, a kafa duwatsun iyaka.

Aikin ƴan lakwal

Ƴan lakwal ba su kafa doka, amma sun iya awo da rubutu. Aji guda yana iya zana taswirar gari, ya nuna rijiyoyi da ƙorama da tabki da kowane juji. Sai a auna taku nawa ne daga juji zuwa rijiya mafi kusa, a mai da shi mita, a duba ina ruwa yake gangarawa. Malami ya raka ɗalibai su kai wa mai gari taswirar. A garkar lakwal kuma a gina ramin taki, a ware leda da batir gefe, iyaye su gani.

Garuruwa suna girma. Filin da yake bayan gari bana, baɗi gidaje ne. In ba a keɓe wurin juji yanzu ba, nan gaba ba za a sami inda ya dace ba sai da rigima. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Juji ana iya kwashe shi cikin kwana biyu, amma rijiyar da guba ta shiga sai dai a rufe ta.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin jujin da da jujin yanzu?
2. Don me yumɓu ya fi yashi dacewa a ƙarƙashin juji?
3. Ina ruwan Majiya yake ƙarewa?
4. Su wa ya kamata su zauna kafin a zaɓi wurin juji?