Lasifikar Gidauniya da Rabin Shekel

Duk wanda ya taɓa halartar gidauniyar ginin masallaci a Kazaure, ko Roni, ko wani ƙauyen Gwiwa, ya san yadda ake yi. A kafa rumfa, kujerun kushin a gaba, na roba a baya. Mai shela ya riƙe lasifika: Alhaji wane ya ba da siminti buhu ɗari! Wuri ya ɗauki kabbara. Manomin da ya sayar da gero tiya biyu ya ƙullo kuɗin kuwa, sai ya sulale kafin a zo kansa.

Yahudawa sun daɗe suna fama da wannan. Attaura ta ɗora wa duk namijin da ya kai shekara 20 rabin shekel na azurfa domin hidimar wurin ibada, ta hana mai kuɗi ƙarawa, ta hana talaka ragewa. Littafin Mishna, da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, ya ambaci wani ɗaki a Haikalin Ƙudus inda masu tsoron Allah ke ajiye sadaka a ɓoye, mabuƙata masu kunyar roƙo su samu a ɓoye. A ranar Yom Kippur kuma, wato ranar kaffararsu, babban limaminsu a zamanin Haikalin kan tuɓe kayan zinariya, ya shiga wuri mafi tsarki da farin yadi kawai.

Su ma ba kullum suka riƙe hakan ba. Sarki Hirudus ya ƙawata Haikalin da zinariya kafin Romawa su rushe shi a shekara ta 70, kuma har yau akwai majami'un da ke gwanjon ladan kira zuwa karatun Attaura.

Musulmi ba sai ya ari wannan darasi ba. Masallacin Annabi (SAW) a Madina da tubalin ƙasa aka fara shi, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganye. Ba wanda ke cewa a hana fanka ko tayil. Wanda ya yi Azahar a Babura cikin zafin bazara ba zai faɗi haka ba. Abin ƙi shi ne kiran suna da adadi, domin shi ke sa gobe a shimfiɗa wa mai siminti darduma a sahun gaba tun bai iso ba.

Kwamitocin masallatai su ajiye akwati mai kwaɗo, mabuɗi a hannun mutum biyu. Bayan sallar Juma'a a karanta jimillar abin da ya shigo da inda aka kashe shi, ba tare da sunan kowa ba.