Kafin Ka Danna "Na Yarda"

Sau nawa ka shiga shafi don karanta labari, wani akwati ya taso yana neman yardarka kan kukis, ka danna kawai don ya ba ka wuri? Ni a ganina wannan sakaci ne.

Kukis ɗan guntun bayani ne da shafi ke ajiyewa a wayarka ko kwamfutarka. Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994, don shafi ya riƙa gane mai ziyara. Shi ya sa ba kullum kake sake rubuta kalmar sirri ba. Wannan ba laifi.

Inda gizo ke saƙar shi ne kukis na 'yan talla, masu bin sawunka daga shafi zuwa shafi. Ka duba takalmi yau, gobe tallarsa ta biyo ka har inda kake karatun littafi.

Dokar Tarayyar Turai ce ta tilasta neman izinin nan. To tunda an tambaye ka, zaɓi na dole kawai, ka ƙi sauran. Firefox da Safari suna toshe masu bin sawu da kansu, a Chrome kuwa sai ka shiga saiti ka toshe. In ka ari wayar wani ko kwamfutar kafe, ka fita daga asusunka ka goge kukis kafin ka tashi, in ba haka ba wanda ya zauna bayanka zai iya buɗe saƙonninka.

Allah Ya sa mu dace.