RA'AYINMU: Kifin da ake gasa maka a bakin teku, daga ina ya fito?

Duk wanda ya taɓa zuwa Elmina, garin masunta da ke Yankin Tsakiya na ƙasar Ghana, ya san cewa tun kafin ido ya ga teku hanci ya riga ya ba da labari. Hayaƙin itace, ƙarnin ɗanyen kifi da ƙamshin yajin da suke kira shito su ne ke tarbar baƙo.

A gindin tsohuwar ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda tafkin Benya ke shiga teku, ɗaruruwan kwalekwale masu tutoci kala-kala ke sauke kamun dare. Kusa da wurin akwai rumfunan mata masu abinci: benci, teburin katako, kwanon wanke hannu. Ka nuna kifin da ranka ke so, a soya ko a gasa maka, a haɗo da dokunu ko banku da daƙaƙƙen barkono. Ba takardar jerin abinci, ba mai hidima da ɗamara. Direba da malamin makaranta da Bature ɗan yawon buɗe ido duk benci ɗaya suke zama.

Irin wannan wurin cin abinci akwai shi a Kribi da Limbe na Kamaru, da Soumbédioune a Dakar, da Epe a Jihar Legas. Daɗinsa da arharsa daga abu ɗaya suka samo asali: tsakanin komar masunci da kwanon mai ci babu nisa. Masunci ya kamo, mace ta saya a bakin jirgi, ta gyara, ta ɗora a wuta. Kuɗin da ka biya a garin yake kwana.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, wannan gajeriyar hanya tana cikin haɗari, kuma gwamnatocin Afirka ta Yamma sun fi mayar da hankali kan gyara tashar masunta fiye da kare ruwan da ke bayan tashar.

A yau, idan kamu ya yi ƙaranci, mata masu soya da masu banda a gaɓar Ghana kan nufi ɗakunan sanyi su sayo daskararren kifin da aka shigo da shi daga ƙasashen waje. Mutum na zaune yana kallon teku, amma kifin da ke gabansa a kwali ya zo. Ba laifin matan ba ne. Rumfa ba ta rufuwa don teku ta ƙi bayarwa, akwai yara a makaranta, akwai bashi a kai.

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙananan kifayen da ke yawo garke-garke kusa da saman ruwa, musamman nau'in sadin da Fanti ke kira eban, su ne abincin talaka a Ghana, ƙasar da kifi ke samar da kusan kashi 60 cikin 100 na furotin ɗin dabba da jama'arta ke ci. Alƙaluman kamun wannan kifi sun faɗo daga kimanin tan 135,000 a 1996 zuwa ƙasa da tan 30,000 a 2016. Cikin shekara 20 ke nan.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suka jawo haka shi ne manyan jiragen jan koma na kamfanoni. Lasisinsu na kama kifin ƙasan teku ne, amma sai suka riƙa kwasar ƙananan kifin da rayuwar masu kwalekwale ta dogara a kai, har da waɗanda ba su kai hayayyafa ba. Su daskarar da shi dunƙule-dunƙule, su sayar wa wasu kwalekwale na musamman a tsakiyar teku. Wannan haramtaccen ciniki shi ake kira saiko, kuma Elmina ce ta kasance babbar mashigarsa.

Ƙungiyar kare muhalli ta EJF ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai an shigo da kimanin tan 100,000 na kifi ta hanyar saiko. Ta kuma gano cewa kusan kashi 90 cikin 100 na waɗannan jirage, duk da tutar Ghana da suke ɗauke da ita, suna da alaƙa da kamfanonin ƙasar Sin. A 2021 Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi karo na biyu saboda sakaci wajen yaƙi da haramtaccen kamun kifi. Kamaru ma ta samu jan kati a farkon 2023.

Can arewa, a Muritaniya da Senegal da Gambiya, matsalar wata kama ta ɗauka. Masana'antu na niƙa irin wannan ƙaramin kifi su mayar da shi gari da mai, a fitar da shi Turai da Asiya don ciyar da kifin gona da dabbobi. Wani rahoton da ƙungiyar Greenpeace da takwararta suka fitar a 2021 ya ce abin da ake kwashewa ya haura tan 500,000 a shekara, wanda zai iya ciyar da mutum fiye da miliyan 33.

Gaskiya ɗaya ce, su ma masu kwalekwale ba a wanke suke ba. Ghana na da kwalekwalen su fiye da 12,000, sun fi ƙarfin ruwan. Da kifi ya yi wuya, wasu suka koma kamu da fitila mai ƙarfi cikin dare, da koma mai ƙananan ido, wasu har da nakiya da guba. Yunwa ce ta kai su, amma wanda ya cinye iri ba shi da ta cewa ranar shuka.

Ba za a ce hukumomin Ghana sun naɗe hannu ba. A 2019 aka fara rufe teku na wata guda ga masu kwalekwale don kifi ya samu ya hayayyafa, manyan jirage kuma wata biyu. Matsin lambar da aka yi daga 2021 ta sa saiko ya ja baya ƙwarai. A 2023 aka buɗe sabuwar tashar masunta ta Elmina. A 2025 kuma sabuwar dokar kamun kifi ta faɗaɗa yankin da aka keɓe wa ƙananan masunta daga mil 6 zuwa mil 12 na teku. Waɗannan matakai ne na yabo.

Sai dai doka a takarda ba ta korar jirgi. Mil 12 ɗin nan ba zai amfani mai soya kifi a Elmina ba sai an samu jiragen sintiri masu mai a tanki, da jami'an sa ido da ba a saye su ko tsoratar da su, da kotun da za ta ci tarar da ta fi ribar laifin. Haka kuma rufe teku ba zai ɗore ba idan aka bar masunci da iyalinsa wata guda ba abin sawa a baki.

Abin lura shi ne, hutar da ruwa ba baƙon ilmi ba ne da wani ya kawo mana. A yawancin garuruwan gaɓar Ghana ba a fita su ranar Talata. A Elmina, al'ada kan hana kamu a tafkin Benya na wasu makonni kafin bikin Bakatue da ake yi Talatar farko ta watan Yuli. Mu ma a nan mun san Matan Fada a Argungu, inda ake hana su har sai ranar biki. Sarakunan ruwa sun san wannan tun kafin a kafa ma'aikatun kifi. Duk dokar da aka yi ba tare da sarakunan masunta da shugabannin mata masu sayen kifi ba, tun a bakin gaɓa za ta mutu.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa ina ruwansa da tekun Ghana. Ruwansa na nan cikin tukunyarsa. Bandar da ake yi a gaɓa ita ake lodawa zuwa kasuwannin Kumasi da Techiman da Tamale, har ta tsallaka iyaka zuwa ƙasashen Sahel. Nijeriya kuwa, duk da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da take samarwa bai kusa kai hakan ba. Shi ya sa kifin ƙanƙara ke tashi duk lokacin da dala ta tashi. Dokarmu ta 1992 ta hana manyan jirage jan koma a cikin mil 5 daga gaɓa. Ya kamata Ma'aikatar Harkokin Teku da aka kafa a 2023 ta duba matakin Ghana, ta kuma gaya wa 'yan ƙasa jirage nawa aka kama da karya wannan doka, da hukuncin da aka yi musu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Muna kira ga gwamnatocin yankin su wallafa sunayen ainihin masu kowane jirgi da aka ba lasisi, su hana niƙa kifin da mutane ke ci, su kuma tanadi ƙanƙara da tsaftataccen ruwa da magudanai a tashoshin masunta, domin kifin da aka sha wahalar kamawa kada ya ruɓe a rana.

Mai ci ma yana da nasa rabon aikin. Idan ka zauna a irin wannan rumfa, a Elmina ne ko Epe, ko ma a Yawuri da Doron Baga da gefen madatsar Tiga, ka tambayi mai abinci wane kifi ne yau aka kamo, ka zaɓi shi ko da ba wanda ka saba da shi ba ne. Ka guji jariran kifin da ba su kai girma ba. Kada ka matse ta da ciniki kan abin da ba za ka yi musu a kansa ba a babban otal. Da irin wannan ciniki ne mai rumfa za ta iya komawa bakin jirgi gobe da safe ta sayi kamun masuncin garinsu, maimakon ta nufi ɗakin sanyi.