Filin Lafiyar Iyali: Manzannin jini da kaluluwar da ta ƙi sacewa



Dukanmu mun san kaluluwa: gyambo ya fito a ƙafa, hantsa ta kumbura, gyambon ya warke, ita ma ta sace. A cikinta fararen ƙwayoyin jini ke taruwa, su ne dakarun jiki. Dakarun nan suna aika wa juna saƙo da wasu ƙananan sinadarai da likitoci ke kira sitokin. Wani ya ce "ku zo", wani ya ce "ku hayayyafa", wani ya ce "yaƙi ya ƙare". Zazzaɓi ma umarninsu ne ga ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafin jiki.

Akwai sankarar kaluluwa, wato limfoma, da ke karɓe wannan gidan waya. Mu ɗauki irin da likita Tomas Hojkin ya bayyana a Landan a 1832. Abin mamaki, idan aka duba ƙullutun a madubin likita, ƙwayoyin sankarar kansu 'yan tsiraru ne. Mafi yawa lafiyayyun dakaru ne da aka kira da saƙon ƙarya. Da sitokin mai suna antarlukin 13 sankarar ke ciyar da kanta, da antarlukin 10 take kwantar da dakarun da ya kamata su hallaka ta. Antarlukin 6 kuwa yana da hannu a zazzaɓi da rama.

A nan ne muke yin kuskure a gidajenmu. Matashi ya yi ta zazzaɓi, sai mu ce na sauro ne, a sha magani, a sake sha. Daga baya a ce sammu. Watanni su shuɗe.

Alamomin da likitoci ke lura da su ga su: ƙullutu a wuya, hammata ko hantsa, mara zafi, da ya wuce makonni bai sace ba, zafin jiki sama da digiri 38 ba dalili, gumin dare mai jiƙa tufafi, zubewar fiye da kashi 10 cikin ɗari na nauyi a wata shida. Tarin fuka ma yana kawo irinsu, shi ya sa sai an ciri ɗan naman kaluluwar an auna kafin a tabbatar.

Ciwon Hojkin na cikin sankarar da galibi ake warkewa daga gare ta idan an fara magani da wuri. A Yamai, tun 2021 cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara take yin gashin haske, bayan maganin ƙarin ruwa.